Yadda Za Ka Tsare Tsohonka Daga Sakaci Da Kuskuren Magani Idan Jinya Ta Yi Tsawo

Tun da aka san na yi shekara uku ina jinyar mahaifinmu a Ƙofar Sauri, cikin Katsina, bayan ya samu shanyewar ɓarin jiki, ban huta da tambaya ba. Wani ya tare ni a bakin masallaci, wata ta kira daga Daura, wani yana Abuja yana turo kuɗi duk wata amma hankalinsa ya ƙi kwanciya. Maganar kusan ɗaya ce: an sallamo Hajiya ba ta iya tashi, mun ɗauko mai kula da ita, ko mun kai ta inda ake jinya a biya, to ta yaya za mu san ana yi mata daidai?

Ba daga bakinta za ka sani ba. Ka ce "Hajiya, ya jiki?" ta ce "Da sauƙi, alhamdu lillahi," ko da gyambo ya ci bayanta. Akwai kawaici, akwai kunya, akwai kuma tsoron wanda zai yi mata tsarki bayan ka tafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 1 cikin 6 na masu shekara 60 zuwa sama yakan gamu da wani nau'in cin zarafi a cikin shekara guda, kuma a gidajen kula da tsofaffi ma'aikata 2 cikin 3 sun amsa da bakinsu cewa sun aikata. Mukan yi alfahari cewa mu ba ma kai iyayenmu irin waɗannan gidaje. Haka ne. Amma ɗakin ƙurya da ba a leƙawa sai da safe shi ma yana iya yin wannan ɓarnar. Abin da zai gaya maka gaskiya biyu ne, jikin tsohon da abin da aka rubuta.

1. A naɗa mutum ɗaya, a sayi littafi ɗaya

Jinyar da kowa ke ciki, babu kowa a cikinta. Ku zauna ku 'ya'ya ku fitar da mutum ɗaya wanda maganar magani, ganin likita da kuɗi za ta riƙa bi ta hannunsa. Ba sai babba ba. Wanda yake kusa kuma yake da natsuwa. Sauran su taimaka, amma kada wani ya canja magani bai sani ba.

Sai littafin rubutu irin na 'yan makaranta, da biro a ɗaure da zare, a ajiye a gefen gado. Kowace rana shafi ɗaya: maganin da aka ba da da lokacinsa, abin da aka ci, kofin ruwa nawa, fitsari, bayan gida, awon jini, awon suga, lokutan juya shi a gado. Wanda ya yi aikin shi zai rubuta, nan take. Idan mai jinyar ba ta iya boko ba, ta yi ajami, ko a zana mata gidaje ta riƙa sa alama.

Gargaɗi: littafin da aka cike shi da dare gaba ɗaya, da biro ɗaya da hannu ɗaya mai kyau, ba shaida ba ne. Na gaskiya yakan yi datti.

2. Kafin a bar asibiti

Ranar sallama kowa ɗoki yake yi, ana ta naɗe tabarma da kwanuka. Kai ka tsaya. Ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya ne, ko Babban Asibitin Katsina, ko na Daura, ka nemi likita ko babbar nas ta ɗakin ka tambayi waɗannan, kana rubutawa: sunan ciwon, kowane magani na mene ne, sau nawa, har zuwa yaushe, magungunan da yake sha kafin kwanciya, wanne za a ci gaba da shi, wanne aka soke, yaushe za a dawo, idan akwai robar fitsari ko ta hanci, wa zai canja ta kuma yaushe, yaushe za a fara gashin ƙashi. Ka roƙi nas ta nuna maka juyi da canja zanin gado da hannunta, kai ma ka yi a gabanta. Tambaya haƙƙinka ce. Takardar haƙƙin marasa lafiya da gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a 2018 ta tanadi a yi wa majinyaci bayani da harshen da yake fahimta.

Gargaɗi: kafin a ɗora shi a mota, ku juya shi ku duba bayansa da dugadugansa. Gyambo da yawa a gadon asibiti yake farawa, sai an zo gida a ɗora wa mai jinya laifi.

3. Kayan aiki da inda kuɗi ke tafiya

Waɗanda ake saye sau ɗaya: katifa mai kauri, ledar shimfiɗa guda biyu, zannuwan gado na auduga aƙalla huɗu, filo biyar ko shida, fo ko kujerar bayi, baho, tocila mai haske, na'urar awon jini ta dantse, na'urar awon suga idan akwai ciwon, da akwatin jera ƙwayoyi mai gidajen kwana bakwai. Na kullum: kunzugun manya, safar hannu, sabulu marar ƙarfi, basilin ko man kaɗanya, auduga da bandeji.

Kunzugu shi ne ke cin kuɗi. A lissafa uku zuwa huɗu a rana, wato 90 zuwa 120 a wata. A saya da katan ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Nan ne kuma sakaci ke fara shigowa, don idan kuɗin ya yi kaɗan, mai jinya za ta fara barin ɗaya ya wuni. Wanda ya rage kuɗin kunzugu zai biya ninkinsa a wankin gyambo.

Na'urar suga ba ta da tsada, tsinkayenta ne ke da tsada, kuma kowace na'ura da nata. Kafin ka saya, ka tabbata ana samun tsinkenta a kemis ɗin Katsina, kada a aiko maka da wata daga waje ta zama abin ado. Katifar iska mai famfo tana taimakawa ƙwarai, amma da wuta take aiki. Idan aka ɗauke wuta ta sace, tsoho ya koma kwance a kan roba. In babu sola ko batir, gara katifa mai kyau da juyi a kan lokaci.

4. A zazzage ledar magani

Wannan matakin na fi so ka daɗe a kansa, don a nan ni na yi kuskure.

Wata na biyu da sallamar Baba, ya fara jiri. Ranar wata Talata an zaunar da shi bakin gado za a yi masa alwala, sai ya sulale. Awon jininsa ya yi ƙasa ƙwarai. Da na zazzage ledarsa a kan tabarma, sai na ga kwali biyu, ɗaya fari da shuɗi, ɗaya ja, suna daban, kamfani daban. Ɗaya asibiti suka rubuta, ɗayan kuma wanda yake sha tun da, ana sayo masa a kemis. Da na kai idona kan ƙananan haruffan da ke ƙarƙashin babban sunan, duka biyun amlodifin ne, maganin hawan jini. Kusan mako uku muna ba shi magani ɗaya sau biyu, ƙanwata da safe, ni da dare, kowa yana ganin ya sauke nauyi.

To ga yadda ake yi. Ka tattaro komai: na leda, na ƙarƙashin filo, na kan taga, na ido, na shafawa, har da jiƙo da sassaƙe da garin da Gwaggo ta kawo. Kowane kwali ka karanta ƙaramin sunan, ba babban ba, da ƙarfinsa, da ranar lalacewa, da lambar NAFDAC. Ka rubuta su jeri ɗaya a shafin farko na littafi. Sannan ka kwashe su duka, da kwalayensu, ka kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magani ya tace. Haka za ka yi duk lokacin da za a ga likita, ko da likitan ido ne. Wanda aka soke a fitar da shi daga ɗakin ranar.

Akwai waɗanda ya kamata ka ɗaga wa likita da kanka idan ka gan su:

Magungunan ciwon jiki irin su diklofenak, ibufurofen da Feldene. Tsofaffi na son su don ciwon gwiwa, amma suna cin ciki har ya yi jini, suna taɓa ƙoda, suna ta da hawan jini. Baƙin bayan gida kamar kwalta alamar jini ce, asibiti za a nufa.

"Haɗi" na kemis, ƙwayoyi huɗu ko biyar a ƙulle a leda babu suna. Ba ka san me ke ciki ba, likita ma ba zai sani ba. Kada ya shiga ɗakin.

Masu sa barci, irin su Valium da Piriton. Suna kawo ruɗewa da faɗuwa ga tsoho. Za mu dawo kansu.

Farasitamol shi ne mai dama-dama, amma babba mai ƙarfi ma ba ya wuce ƙwaya 8 masu 500mg a awa 24, tsohon da ya rame kuwa ƙasa da haka. Kuma yana ɓoye a cikin magungunan mura da yawa, sai a haɗa biyu ba a sani ba.

Gargaɗi: maganin gargajiya ba a ɓoye wa likita shi. Ba zai ci ka tara ba. Wanda yake shan maganin tsinka jini ko yake da ciwon ƙoda, jiƙo ɗaya na iya rikita komai.

5. Ba da magani kullum

Duk ranar Juma'a, mutum ɗayan nan da aka naɗa ya zauna ya jera ƙwayoyin mako a akwati. Sauran kwalaye a kulle. A ɗaura lokutan da salloli, ya fi agogo zama a kai: bayan Asuba, bayan Azahar, bayan Isha'i. Amma wanda aka ce duk awa 8 ko awa 12, a sa ƙararrawar waya. Mai bayarwa ta tsaya har ya haɗiye, don wasu tsofaffin sukan ɓoye a kumatu su tofar a bayan gado. Idan an manta wani, ba a ninkawa a na gaba. A rubuta an manta, a tambaya.

Maganin sa fitsari irin Lasix da safe ake ba da shi sai in likita ya ce wani abu daban, in ba haka ba dare zai ƙare a jiƙe. Ƙwayar da aka rubuta SR ko XR a kwalinta a hankali take narkewa, ba a daka ta, ba a tauna ta. Idan ba ya iya haɗiya, likita zai canja.

Mai ciwon suga kuwa, babban haɗarinsa a gida faɗuwar suga ne. An ba shi ƙwayar suga irin Daonil ko an yi masa allurar insulin, sai ya ƙi cin abinci. Za ka ga zufa, rawar jiki, surutai ko barcin da ba na lafiya ba. A auna. Idan ya gaza 70, ko 3.9 a wasu na'urorin, kuma yana iya haɗiya, a dama sukari cokalin shayi uku a ruwa a ba shi, a sake aunawa bayan minti 15, sannan ya ci abinci. Idan ba ya cikin hayyacinsa, kada a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi a gefe a tafi asibiti. Insulin ba ya son zafi kuma ba ya son ƙanƙara. In babu firij, a ƙulle kwalbar a leda a ajiye cikin tukunyar ƙasa mai jiƙaƙƙen yashi.

Gargaɗi: idan Ramadan ya matso kuma ya nace sai ya yi azumi, a ga likita tun cikin Sha'aban. Kada a tattara maganin yini a ba shi gaba ɗaya da buɗa-baki.

6. Juyi da duban fata

Wanda ba ya iya juya kansa, a juya shi duk awa biyu: dama, baya, hagu. Da dare ma, ko da an ɗan tsawaita bisa shawarar nas. Idan za a kwantar da shi a gefe, ba a ɗora shi ɗoɗar a kan ƙashin ƙugu. A karkata shi kaɗan a tokare bayansa da filo, a sa wani tsakanin gwiwoyi. Idan yana rigingine, a sa filo ƙarƙashin ƙwauri yadda dugadugai za su yi lilo ba su taɓa katifa ba. Mutum biyu su ɗaga shi da zani, kada a ja shi, don jan nan yana saluɓe fata. Zanin gado ya miƙe, babu tattara, babu ɓurɓushin abinci. Wanda ake zaunarwa a kujera shi ma a riƙa gyara masa zama, bai tsira ba don ya bar gado.

Kullum lokacin wanka a duba wuraren ƙashi da tocila: tsatso da saman mazaunai, ƙugu biyu, dugadugai, idon sawu, gwiwar hannu, allon kafaɗa, ƙeya, bayan kunne. Littattafan Turawa ja suke cewa a nema. Fatarmu ba ta nuna ja. Abin da za ka gani wuri ne da ya fi kewayensa duhu, ko yana sheƙi, ka taɓa ka ji ya fi zafi ko ya yi tauri, ko ya yi laushi kamar ruɓaɓɓen tumatir. Na Baba a dunduniyar hagu na fara ganinsa, bai fi kwabo ba, kamar an ɗiga tawada. Da muka ɗage ƙafar daga katifa, cikin kwanaki ya washe. Da mun bari ya fashe, da watanni za mu yi.

Gargaɗi: ba a murza wurin, ba a gasa shi da ruwan zafi ko tsumma, ba a sa masa zoben roba. Idan ya fashe, kada a barbaɗa garin kafso, ko toka, ko hoda, kada a zuba sifirit. A wanke da ruwan gishirin asibiti, a rufe da bandeji mai tsabta, a kira nas. In ya fara wari, ko ruwa, ko ya yi baƙi, ko zazzaɓi ya shigo, ya wuce aikin gida.

Kunzugu da ya jiƙe a cire, a wanke, a tsane da tawul ba gurzawa ba, a shafa mai. Namiji ya yi wa uba, mace ta yi wa uwa in da hali, a rufe ƙofa, a lulluɓe inda ba a wankewa. Mai robar fitsari, jakar ta kasance ƙasa da mararsa koyaushe, amma kada ta kwanta a ƙasa, kada robar ta lanƙwashe.

7. Ci da sha

A zaunar da shi sosai kafin loma ta farko, kuma ya ci gaba da zama minti 30 bayan ya gama. Ƙaramin cokali, a jira ya haɗiye. Mai shanyewar jiki ruwa tsararo ya fi ƙware shi. Kunu mai kauri, fate, tuwo mai laushi da miya mai yauƙi sun fi wuce masa. Tari lokacin ci, ko murya ta koma kamar mai kurkure, alama ce abinci na bin hanyar iska, a gaya wa likita. Ɗura haramun ce a wannan ɗakin. Abin da aka ɗura wa wanda ke kwance huhu yake tafiya, bayan kwana biyu sai zazzaɓi da numfashi sama-sama. Kuma kada a tsaya a kan koko kullum: ƙwai, wake, kifi, nono, su ne ke riƙe fata. A goge masa baki safe da dare.

Tsoho ba ya jin ƙishi kamar yaro, wani kuma da gangan yake ƙin sha don kada ya wahalar da mutane. A bazarar Katsina, daga Maris zuwa Mayu, wannan kaɗai na iya kai shi gadon asibiti. A riƙa miƙa masa kaɗan-kaɗan ba sai ya nema ba, a duba fitsari: in ya yi kaɗan ya yi ja, ruwa bai isa ba. Mai ciwon zuciya ko ƙoda shi kuma ma'aunin likita za a bi.

Gargaɗi na hunturu: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki yana kisa ba hayaniya, haka hayaƙin janareta kusa da taga. Ƙafar da ta shanye ko ta mai suga ba ta jin zafi, sai ta ƙone bai sani ba. A ƙara bargo da safa.

8. Ɗaukar mai jinya, ko zaɓen wurin jinya

Kada a ɗauko yarinya 'yar shekara 13 daga ƙauye a damƙa mata babban mutum. Zalunci ne a kanta da kansa. A nemi babba, wadda aka san gidansu, da wanda zai tsaya mata, mai unguwa ya sani. Wanda ya ce shi nas ne, a ga lasisinsa na hukumar nas-nas da ungozoma ta ƙasa; farar riga a kasuwa ake sayar da ita. Allura, ƙarin ruwa da canja roba aikin ma'aikacin lafiya ne, ba na mai jinya ba. A yi mako guda na gwaji kana nan. A faɗi aiki, albashi da ranar hutu a gaban shaida. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa tun 2024 naira 70,000 ne. Ka riƙe wannan a ranka idan kana ciniki da wadda za ta tashi sau uku cikin dare. Mutum ɗaya ba ya yin dare da rana. In an tilasta, ko ta gudu ko ta fara huce haushi a kan wanda ba ya iya ramawa.

Idan wuri za a kai shi, ka je ba tare da sanarwa ba, da yamma. Hancinka zai fara ba ka labari tun daga ƙofa. Ka nemi ganin rajistarsu da Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Ka tambayi mutum nawa ke kwana a bakin aiki da majinyata nawa, wane likita ke zuwa, ina suke rubuta magani, ina suke kai mutum idan ya rikice da dare. Duk inda aka ce ba a ziyara sai da izini, ko ba a barin ka kaɗaita da naka, ka juya.

9. Ziyarar ba-zata

Kada ka saba zuwa lokaci ɗaya. Yau da Asuba, jibi da tsakar rana, wata rana sha ɗayan dare. Ka ɗaga bargo. Ka taɓa zanin gado. Ka dubi farce, baki, gashin kai. Ka ƙirga ƙwayoyin da suka rage ka gwada da littafi, ka ƙirga kunzugu. Sannan ka aiki mai jinyar kanti, ka zauna kusa da tsohuwar.

Kada ka ce "Ana dukanki?" Za ta ce a'a. Ka ce, "Inna, jiya da dare da kika kira, wa ya zo?" ko "Mi kika ci da rana?" Ka yi shiru ka jira. Wata tsohuwa a danginmu sai da aka yi mata haka sau uku kafin ta ce, "Ɗan nan, ka bar ta kawai, ita ma ta gaji." Wannan amsar ta isa.

Abubuwan da ba a wucewa: tabo ko kumburi a dantse biyu, shatar igiya a wuyan hannu ko ƙafa, ƙuna, rama ba dalili, tsoho ya yi tsit ko ya zabura idan wani ya shigo, mai jinya ta riƙa amsa tambayar da aka yi masa. Sai barci. Tsohon da da yake hira yanzu kullum ka zo yana barci, baki a sake, a bincika ko ana ba shi maganin barci don a huta. Yana faruwa fiye da yadda ake zato, a gida da wajen gida. Mai gigin tsufa da ke yawan fita kuma ba a ɗaure shi, ba a kulle shi shi kaɗai. A gyara ƙofar gida, a samu mai zama da shi.

Ka duba aljihunsa ma. Katin banki da lambar sirri, kuɗin fansho, wayar da saƙon banki ke shigowa, takardun gida da gona. Wannan ɓarnar galibi ba baƙo ke yin ta ba. Duk abin da aka cire a rubuta a bayan littafi, 'yan'uwa biyu su gani. Kada a dangwala yatsan wanda ba ya cikin hankalinsa a kan kowace takarda.

10. Abin da ba ya jiran gobe

Tsohon da jiya yake lafiya lau yau ya rikice, ba ya gane mutane, yana fizge-fizge, kada a ce tsufa ne ko iska. Gigin tsufa a hankali yake zuwa, cikin watanni. Na kwatsam ciwo ne: zazzaɓin cizon sauro, ciwon mafitsara, ciwon huhu, ƙarancin ruwa, faɗuwar suga, ko sabon magani. A yi addu'a a mota. Haka karkacewar baki, sarƙewar magana, ciwon ƙirji, numfashi da ƙyar, ko fitsari ya tsaya. Idan ya faɗi ya kasa taka ƙafa, ƙafar ta gajarta ta juya waje, ƙashin ƙugu ne. Hoto za a fara yi kafin a yi zancen mai ɗori. Lambar mai mota ko mai Keke Napep na unguwa ta kasance a bangon littafi, tare da lambar gaggawa 112.

11. Idan ka gano an yi ba daidai ba

Fara da tsohon, ba da faɗa ba. A raba shi da wanda ake zargi, a kai shi likita ya duba ya rubuta abin da ya gani. Idan kuskuren magani ne, a tafi da kwalin da ragowar ƙwayoyin, a faɗi nawa aka sha da ƙarfe nawa, ba ragi. Kada a sa shi amai, kada a ba shi madara ko manja a zauna jira.

Sannan shaida: hoton wurin da kwanan wata, littafi, rasit, takardar magani. Hoton jikin mahaifiyarka ba na zauren WhatsApp na dangi ba ne, likita da hukuma kaɗai.

Idan a asibiti ne, a fara da shugabar nas ta ɗakin, sai shugaban asibitin, a rubuce, ka riƙe kwafi. Asibitocin tarayya suna da teburin SERVICOM na karɓar koke. In ba a saurare ka ba, likita yana da hukumar likitoci ta ƙasa a kansa, nas tana da tata hukumar, wuri mai zaman kansa kuma Ma'aikatar Lafiya ta jiha. Duka, ɗauri, ko cin dukiya maganar 'yan sanda ce, kuma Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa tana karɓar irin wannan ƙara. Mai jinyar da ta daki tsoho kada a sallame ta shiru don gudun magana, gobe wani gidan za ta. Aƙalla wanda ya kawo ta da mai unguwa su sani.

Mai wuyar ita ce idan na gida ne, suruka ko ɗiya ko kai kanka. Wanda ya yi mugunta da gangan, manya su shiga, in ta kama Hisba ko kotu. Amma sau da yawa za ka tarar mace ɗaya ce aka bar wa komai wata takwas, ga yara, ga girki, ba ta yi barcin awa huɗu a jere ba, sauran kuma sai waya: "Ya mai jiki?" Wannan ba wa'azi take buƙata ba, hannu take buƙata. Mu abin da muka yi, mun zana kwanakin mako a bangon littafi, kowa ya sa sunansa a darensa. Wanda ke nesa ya biya kuɗin wadda za ta kwana a madadinsa, ranar 1 ga wata, kafin a tambaye shi.